Akwatin Kalmalo da Kakannin Baba Lawwali

Illela,
9 ga Fabrairu, 1988

Zuwa ga Yaya Mukhtari,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, tare da fatan takardar nan za ta iske ka lafiya. Yaya karatu, yaya mutanen Zariya? Inna ta ce in tambaye ka ko haƙorin nan ya bar ka kana barci. Baba yana nan lafiya, ƙafar ta yi sauƙi, har ya koma zuwa kasuwar Lahadi da kansa.

Yaya, ban so in dame ka kana tsakiyar karatu ba, sai dai ba ni da wanda zan gaya wa. Aikin da ka ɗora wa kwamfutar ofishin noman rani lokacin hutunka ya fara ba ni kunya, kuma ban san ta inda zan kama shi ba.

Tun da ka koma, yadda ka koya mini haka nake yi, ban ƙara ba, ban rage ba. Kowace Litinin Jaɓɓo yakan hau babur ya je Kalmalo, ya ciro akwatin nan mai auna ruwan tafki ya kawo mini. In jona wayarsa a bayan injin, in danna maɓallan da ka nuna mini, awon mako ya zube ciki, gilashin kwamfutar ya rubuta AN GAMA, akwatin ya share cikinsa don ya koma bakin aiki. Sai in buga takarda in kai wa Injiniya Hamidu, shi kuma da ita yake yanke ranakun da za a tada injinan ban ruwa ga masu alkama da albasa.

Jiya na yi duk wannan. Ya rubuta AN GAMA kamar kullum. Da takarda ta fito, sai na ga awon ya tsaya a Alhamis. Juma'a da Asabar da Lahadi babu komai, fari fat. Na ce ko wayar ce ba ta zauna ba. Na cire, na hura bakinta, na mayar, na sake dannawa. Ya sake cewa AN GAMA, wannan karon ko layi ɗaya bai fito ba, don akwatin ya riga ya share kansa. Na yi ta dannawa ina addu'a har injin ya sandare gaba ɗaya, duk maɓallin da na taɓa ba ya motsi. Dole aka kashe shi.

Baba Lawwali, akawunmu, yana da rubutu a ciki da bai adana ba, duk ya tafi. Ka san shi, bai yi mini faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Ba komi ɗiyata, ƙarfe na, ba ya da tausai." Da ya yi faɗan da ya fi mini sauƙi. Jaɓɓo kuwa ya riƙe takardar yana juya ta, wai ko tafkin ya tafi Ƙwanni cin kasuwa daga ran Juma'a.

Injiniya ya kira ni ya tambaye ni abin da na taɓa. Ka san halina. Maganar tana nan a bakina amma ta ƙi fita, na tsaya ina kallon ƙasa kamar mai laifi. Ya ce to, a lura.

Yaya, ina son aikin nan. Ɗakin shiru ne, babu mai kallona. In na rasa shi ka san inda zan koma, tasha ce da tiren masar Inna a ka, inda sai ka ɗaga murya ake saye, ni kuwa sai in wuni ban kira kowa ba, in dawo da masa ta huce. Don Allah ka rubuto mini abin da na yi ba daidai ba in gyara. Direban motar albasa da zai kawo maka wannan yana komowa mako mai zuwa.

Ka gaida abokan ɗakinka. Allah ya ba da sa'a.

Ni ce ƙanwarka,
Tasalla Malami

Illela,
23 ga Fabrairu, 1988

Yaya Mukhtari,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fata kana lafiya kamar yadda muke a nan. Takardarka ta iso, Inna ta sa na karanta mata wurin gaisuwar har ta gaji da ji. Zafi ya fara shigowa, randa ba ta sanyaya ruwa sai can da yamma.

Na karanta bayaninka a hankali, kuma ina jin na gane. Ka ce ƙwaƙwalwar injin kamar kasuwar Illela take, rumfuna ne a jere, kuma suna da iyaka. Akwai babban tsari a can ciki wanda shi ne kamar sarkin kasuwa, duk aikin da ya zo sai ya roƙe shi rumfa kafin ya sauke kaya. Akwatin Kalmalo baƙo ne, aikinka shi ke shiga gaba ya nemar masa inda zai zube awonsa. Ka ce kana zaton ranar nan an ba shi rumfuna kaɗan, da ya nemi ƙari aka ce babu, shi kuwa bai tsaya ya ji amsa ba, ya ci gaba da sauke kaya a kan hanya. Waɗanda ya karɓa ma bai mayar ba, shi ya sa duk dannawar da na yi sai wuri ya ƙara ƙarewa har injin ya sandare.

To Yaya, in haka ne, me ya sa yake rubuta AN GAMA? Wannan ce ta tsaya mini a rai. An hana shi wuri, ya sani, amma ya dube ni ya ce an gama, ya kuma sa akwati ya share abin da ba a kwashe ba. Ni da nake gabansa ni ake tambaya. Ka rubuta cewa ba ka taɓa zaton za a rasa wuri ba, don lokacin da ka gwada shi wuri har ya yi yawa. Na yarda. Amma kai kana Zariya, ni ce a kan kujerar.

Ka tambaye ni ko akwai wani aiki da ke zaune a cikin injin lokacin da nake jona akwati. Akwai. Ban ɗauke shi komai ba shi ya sa ban faɗa ba. Bayan tafiyarka Baba Lawwali ya fara rubuta tarihin gidansu, tun daga kakansa da ya baro Sakkwato zuwa sama. Da abin rubutun nan yake yi, wanda ake danna maɓalli biyu ya ɓuya, a sake dannawa ya fito. Makullin ɗaki a hannunsa yake, shi ke fara zama da an tada janareta. Da yatsa ɗaya yake bugawa, yana yi yana karantawa a fili. In baƙi sun zo gaishe shi sai ya ɓoye rubutun ya fita gindin dogon yaro, ya ce mini, "Yi naki aiki, amma kak ki ruhe min, in an ruhe ba ni gane inda nit tsaya." A wannan tsakanin nake yin nawa. Ba ya rufewa sai maigadi ya leƙo ya ce zai kashe janareta, don man da ake ba mu daga safe zuwa azahar ne.

Da can tarihin ɗan kaɗan ne. Yanzu kullum ƙaruwa yake yi, don duk tsohon da ya zo gaisuwa sai ya tuna masa wani kaka da aka manta, ko wata goggo da ta yi aure a Tozai. Ko su ne suka cinye rumfunan?

Jiya ma an kuma, kuma ya fi na baya muni, awon bai wuce Laraba ba. Makon da ya shige Injiniya da ƙiyasi ya yi aiki, aka tada injinan a ranar da ruwa ya ja baya, bakin bututu ya sha laka, gonakin can ƙarshe ba su samu ko ɗigo ba. Manoma sun zo ofis. Ina daga ciki ina jin wani dattijo yana cewa, "Da can da sanda muka auna tabki, ba mu taɓa kwana da ƙishi ba. Yanzu an ba yarinya talabijin." Na so ƙasa ta tsage in shige.

Ka faɗa mini gaskiya ko tarihin ne. In shi ne, ka faɗa mini yadda zan yi ba tare da na taɓa shi ba.

Inna ta ba direba ƙullin kilishi, naka ne kai kaɗai in ji ta.

Ƙanwarka,
Tasalla

Illela,
8 ga Maris, 1988

Yaya Mukhtari,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma yi maka fatan alheri a jarrabawar da ka ce ta matso. Mutanen gida duk lafiya, suna gaishe ka.

Amsarka ta zo, kuma ka yi haƙuri, ba ta yi mini daɗi ba. Ka rubuta cewa abin mai sauƙi ne, in ce wa Baba Lawwali ya rufe rubutunsa kafin in jona akwati, shi ke nan. Yaya, kamar ba a gidan nan ka tashi ba. Mutumin da ya raɗa mini suna, wanda suke cin tuwo a kwano ɗaya da Baba, wanda ya je da ƙafarsa wurin Injiniya ya ce a ɗauke ni. Shi zan tsaya a gabansa in ce kakanninka sun tare wuri, kwashe su? Kai da kake namiji, mai karatun jami'a, ka taɓa ce masa ya matsa maka a kan tabarma?

Ba wai ban yi ƙoƙari ba. Na zo da sassafe don in riga shi, na tarar da ƙofa a kulle, na tsaya har ya zo ya yaba mini sammako ya zauna. Na roƙi Jaɓɓo ya riƙa jira har lokacin tashi, ya ce sai dai in ni zan mayar da akwatin Kalmalo cikin rana tsaka, kuma ko ya jira, maigadi ba ya ƙara wa kowa minti bayan Baba Lawwali ya tashi. Na gaya wa Inna ko za ta gaya wa Baba shi kuma ya gaya masa. Inna ta kai maganar, amma da ta isa ta zama wai injin ba ya son tarihin Malam Lawwali. Baba ya ce wane irin zance ne wannan, yarinya ba ta aika wa babba saƙo, in riƙe aikina in bar na manya.

Sai ga abin da ya faru jiya, wanda ya fi duka. Na jona akwati, ya ce AN GAMA, takarda ta fito guntuwa kamar yadda na zata. Baba Lawwali ya dawo daga gaisuwa ya fito da rubutunsa. Na ji ya yi shiru, ba ya karantawa a fili. Da na ɗaga kai sai na ga lambobi a tsakiyar tarihin. Inda ya rubuta labarin kakansa da ya yi alƙalanci, sunan ya ɓace, awon ruwan ran Asabar ne a wurin, layi bayan layi, har cikin 'ya'yan alƙalin. Kayan da ka ce ana saukewa a kan hanya, ashe ba a hanya suke tsayawa ba, rumfar mutane suke faɗawa.

Ya daɗe yana kallo. Sannan ya juyo ya ce, "Tasalla, mi niy yi miki?" Bai taɓa kiran sunana haka ba, kullum ɗiyata yake cewa. Yana zaton ni na shiga na yi masa wasa da shi. Wurin da ya lalace kuwa daga bakin wani tsoho ya ji shi, tsohon ya koma ƙauyensu can cikin Faransa, wato ƙasar Nijar. Na buɗe baki in ce ba ni ba ce, sai hawaye suka riga maganar, wannan kuma ya sa na ƙara kama da mai laifi.

Injiniya ya ji hayaniyar Jaɓɓo ya shigo. Ba mai faɗa ba ne, amma ya gaji. Ya ce shi ruwa ya karanta, bai karanta kwamfuta ba, abin da ya sani kawai da tana aiki yanzu ba ta yi, kuma hannu ɗaya ke taɓa akwatin. Ya ce a bar akwatin a tafki kada a ƙara ciro shi, Jaɓɓo ya koma awo da sanda. Litinin ta ƙarshen wata za a kawo shi a gwada sau ɗaya. In takarda ta fito cikakkiya, to. In ba ta fito ba, zai rufe injin da zane har a turo wani daga Sakkwato, ni kuma in huta a gida. Haka ya ce, in huta.

Ka ga yanzu duk awon makonnin nan a cikin akwatin zai taru, ya fi na kullum yawa, tarihin kuma Baba Lawwali ya fara sake buga abin da ya lalace har da ƙari.

Yaya, ba na roƙon ka ka ƙara wa injin ƙwaƙwalwa, na san ba a hannunka take ba. Abin da nake roƙo shi ne ka hana aikinka ƙarya. In ya nemi wuri aka hana shi, ya tsaya. Ya mayar da abin da ya karɓa, kada ya zuba kaya a rumfar kowa, kada ya ce wa akwati ya share. Ya faɗa a gilashi cewa bai samu ba, kowa ya gani da idonsa. Ni an haife ni da nauyin baki, shi kuwa kai ka yi shi, kana iya sa masa baki.

Na san jarrabawa gare ka. Ni ma ita ce gare ni.

Taka,
Tasalla

Illela,
20 ga Maris, 1988

Yaya,

Gaisuwa da fatan kana lafiya. Motar albasa ta dawo jiya, na je tasha da kaina na tsaya har aka gama sauke fasinja. Direba ya ce ya ba ka takardata hannu da hannu, ka ce to. To kawai?

Kullum ina zuwa ofis in share tebur in zauna. Babu akwati, babu abin bugawa. Baba Lawwali yana amsa gaisuwata, amma in zai fita yanzu sai ya sa hularsa a kan maɓallan. Inna ta fara cewa tiren nan yana nan ba wanda ya ɗauka, ba da mugun nufi take faɗa ba, amma ina ji.

Litinin ta sama ce ranar gwajin. Motar za ta sake tashi jibi ta dawo Asabar. In babu abin da za ka iya, ka rubuto ka ce babu, in san inda nake. Kada ka yi mini irin ta aikinka.

Tasalla

Illela,
29 ga Maris, 1988

Zuwa ga Yayana Mukhtari,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka, ina yi maka sannu da jarrabawa, Allah ya sa a ga sakamako mai kyau. Inna da Baba suna lafiya. Ka yafe mini zafin takardata ta baya, ban san kwana kake yi a ɗakin kwamfutar makarantarku kana gyaran ba.

Faifan kwamfutar da ka aiko da gyaran a ciki ya iso ran Asabar cikin kwalin da ka naɗe shi. Direba ya ce ka ja masa kunne kada ya ajiye shi kusa da rediyo ko a rana, don haka cikin hularsa ya taho da shi tun daga Zariya. Jiya da safe, da Baba Lawwali ya fita gaisuwa, na ɗora shi yadda ka rubuta.

Jaɓɓo ya iso da akwati wajen hantsi, duk laka ta bushe a jikinsa. Ya ajiye ya ce, "To Hajiyar injin, yau ko a ci ko a sha ruwa." Injiniya yana ofishinsa ya bar ƙofa a buɗe. Na jona waya, na yi bisimilla na danna.

Bai ce AN GAMA ba. Ya ɗan yi jim, sai ya rubuta: BABU WURI. BAN SHARE AKWATI BA. A RUFE WANI AIKI.

Na duba 'yar fitilar akwatin, tana nan kore, awon yana ciki. Na sake dannawa don in gani, ya sake faɗin haka, bai sandare ba, bai ci komai ba. Yaya, na ji daɗi har na kusa dariya. Sai daga baya na gane abin da ka yi mini. Injin ya faɗi gaskiya, amma a ɗaki ya faɗe ta, ni kaɗai da Jaɓɓo muka gani. Ba shi da ƙafar da zai fita gindin dogon yaro. Na zaci in ka sa masa baki na huta, ashe aike na zai yi.

Na zauna ina kallon rubutun. Na san maɓallin da zan danna in rufe tarihin da kaina, amma abin da ya buga da safen zai tafi, kuma ya ce kada in rufe. Na yi tunanin kiran Injiniya ya gani, sai na ga kai ƙarar Baba Lawwali ke nan wurin na gaba da shi. Jaɓɓo ya ce shi ba ruwansa, aikinsa babur. Rana tana yi, man janareta yana tafiya.

Na tashi na fita. Suna zaune a kan benci, Baba Lawwali da wasu dattawa, ana zancen farashin taki. Na durƙusa daga gefe na yi sallama, ba wanda ya ji. Na sake yi. Ɗaya daga cikinsu ya ce, "Malam, ɗiyarka na magana." Na ce Baba, don Allah injin yana son a rufe rubutu. Ya ce, "Mi?" Ya sa hannu a kunne. Duk suka juyo suna kallona. Ban san inda muryar ta fito ba, na ce, Baba, tarihin ya cika ƙwaƙwalwar injin, akwatin Kalmalo bai samu wuri ba, sai ka rufe shi. Har mai shayi na tsallaken hanya ya waiwayo.

Baba Lawwali ya miƙe. Ya sa takalmi ya biyo ni. Ya sa tabarau ya karanta abin da ke gilashi, a fili, kamar yadda yake karanta kakanninsa. Ya adana rubutunsa ya rufe. Na danna. Injin bugawa ya kama kuka bai tsaya ba sai da takarda ta sauka har ƙasa, kowace rana da awonta, tun daga ranar da aka bar akwatin a tafki. Injiniya ya fito ya bi ta da yatsa daga sama har ƙasa, ya naɗe, ya ce mini Litinin mai zuwa ma haka yake so. Aikina yana nan, Yaya.

Amma kada ka yi murna da yawa. Bayan Injiniya ya fita, Baba Lawwali ya tambaye ni tun yaushe na sani. Na ce tun watan jiya. Ya ce, "Tun watan jiya. Kinka bar ni ina hana gonakin mutane ruwa da yatsana, kinka bar ni ina zargin ki, ina aza hula bisa ƙarfe kamar mahaukaci. Ni dodo ni?" Ransa ya ɓaci ƙwarai, fiye da ranar da lambobi suka shiga tarihin.

Da na koma gida kuma labari ya riga ni. Wani daga cikin dattawan ya gaya wa Baba cewa na ta da amininsa daga cikin mutane da murya sama. Baba bai ci tuwo da daɗi ba, ya ce ba haka ya rene ni ba. Ka gani, a ofis laifina shiru, a gida laifina magana, duk a yini ɗaya. Kai kuma da ka manta ka sa wa aikinka ya ji amsar sarkin kasuwa, kowa sai sa maka albarka yake yi, wai yaron nan daga Zariya ya warkar da injin.

Yau da safe na gaishe da Baba Lawwali, ya amsa da ɗiyata, na ji sanyi. Na yi ƙarfin hali na ce ko ran Litinin zai riƙa barin rubutun a rufe har akwati ya zo. Ya yi dariya ya ce shi tsoho ne, ba zai tuna ba, kuma ba zai zauna hannu banza yana jiran babur ɗin Jaɓɓo ba. Ya ce duk ranar da injin ya ce babu wuri, in fito in same shi duk inda yake, ko da wa yake zaune, in faɗa masa da irin muryar jiya, don ita kaɗai yake ji.

Kowace Litinin ke nan, Yaya.

Ka gaida direba in ka gan shi kafin ni, ka kuma rubuto ranar da za ka zo hutun azumi.

Ni ce ƙanwarka,
Tasalla Malami